Auna Wahalar Shuka Da Ƙyallin Ganyenta

Jawabi ga Hakimai da Malaman Ofisoshin Gunduma na ƙasashen Birnin Kudu da Gwaram

Maganar wannan jawabi a kan shuka ce, da yadda masu ilmin aikin gona su ke gane ta shiga wahala tun idon manomi bai ga alama ba. Magana ce da ta shafi sarauta ƙwarai, gama in amfanin gona ya lalace, ƙofar Dagaci da ta Hakimi talaka ya ke fara zuwa, kuma takardar da Malamin ofis ya rubuta ita ce ke isa gaban Sarki da gaban Gwamnati. In takardar ta makara, ko ta faɗi sanadin da ba shi ne ba, sai taimako ya zo bayan an riga an yi hasara, ko kuwa ya tafi inda ba a bukatarsa.

Ƙasashen Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Masarautar Dutse, a kudancin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Sun fi arewacin jihar samun ruwan sama, saboda haka a ke noma gero da dawa da masara da gyaɗa da wake da riɗi a tudu, shinkafa a fadama, da rani kuma a yi lambu a bakin kogi. Amma jimlar ruwan shekara ba ita kaɗai ce abin dubawa ba. Ruwa ya kan sauka a watan Yuni, mutane su yi shuka, sa'an nan ya ɗauke mako biyu ko uku. Wata shekara kuwa ya yi ta zuba har gero ya nuna, sa'an nan ya janye da wuri, dawa tana cikin fid da kai, wake yana fure. Dattawa sun ji labarin yunwar Ƙaƙalaba ta 1914 daga bakin iyayensu, da yawansu kuma sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. Waɗannan manyan masifu ne, ba su ɓoyuwa ga kowa. Ƙaramin farin nan na tsakiyar damina shi ne ke rage wa mutum dammuna a rumbu ba tare da an rubuta shi a ko wane littafi ba. Ban da fari kuma, ga wata wahala da kakanni ba su sani da yawa ba, watau gurɓatar iska da hayaƙi da ƙura.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar shuka ganyenta ne, amma fuska ce mai daurewa. Kafin ganyen masara ya naɗe, kafin na wake ya yi yaushi ko ya yi rawaya, aikin da ke cikinsa ya riga ya ragu da kwanaki. Abin da masana suka nema shi ne hanyar da za a ji labarin tun daga ciki.

Tilas a fara da sanin aikin ganye. Saiwa tana jawo ruwa da gishirin taki daga ƙasa, amma sukari da sitacin da ke cika zangarniya a cikin ganye a ke haɗa su. Ganye ya kan ɗauki ruwan da saiwa ta aiko, da wata iska da a ke kira kabon dayoksaid, watau irin wadda mutum da dabba su ke fitarwa in sun yi numfashi, ya haɗa su da ƙarfin hasken rana. Abin da ke kama hasken shi ne sinadarin nan da ya ba ganye launinsa kore, wanda masana su ke kira kulorofil. Ita kuwa iskar tana shiga ta waɗansu 'yan ƙofofi ƙanana ainun, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. Dubbai ne a wurin da bai fi farcen yatsa ba.

To, ƙofar da iska ke shiga, ta nan ne kuma ruwa ke fita ya bi iska. Ba kaɗan ba ne ruwan. A gwajin da aka yi a Amurka tun wajen 1913, an sami dawa tana shan ruwa wajen kilo 300 kafin ta yi kilo ɗaya na busasshen kara da ganye da ƙwaya, wake kuwa ya haura kilo 500. Saboda haka da zarar ƙasa ta soma bushewa, saiwa ta kan aika da saƙo sama, ganye ya tsuke ƙofofinsa don ya tsare ruwan da ya rage. Dabara ce mai kyau, amma tana da tsada, gama da rufe ƙofa iskar haɗa sukari ta daina shiga. Rana kuwa ba ta san an rufe ƙofa ba. Tana nan tana zuba haskenta, kulorofil yana ta kamawa, alhali babu abin da za a yi da ƙarfin. Kamar injin niƙa ne da aka bari yana gudu babu hatsi a cikinsa. In ba a rage masa wuta ba, zai ci kansa.

Malaman ofis, waɗanda suka saba da littafin kuɗi, za su fi kowa saurin gane abin da ke biye. Hasken da kulorofil ya kama kuɗin shiga ne, hanyoyin fitarsa kuwa uku ne tak. Ko dai ya tafi aikin haɗa abinci, ko ganye ya mai da shi zafi ya zubar, ko kuwa ya sake fitowa daga ganyen yana haske, amma ja. Wannan jan haske shi ne a ke nufi da ƙyallin ganye. Ba shi da yawa, bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na hasken da aka kama ba, shi ya sa hasken rana ke rinjayarsa, ido ba ya ganinsa. Amma da ya ke jimlar ukun tilas ta yi daidai da abin da ya shiga, in ɗaya ya ƙaru sai wani ya ragu. Wanda ya iya auna shafi guda da kyau, ya kuma san yadda zai rufe wani shafin na ɗan lokaci, zai iya lissafa sauran.

Sanin wannan ƙyalli ba sabo ba ne. A 1834 wani masani na ƙasar Sikotilan, David Brewster, ya jiƙa ganye a cikin barasa har korensa ya fita, ya haska ruwan da hasken rana, sai ya ga ta gefe yana ba da launi ja kamar jini. Shekaru kusan 100 aka yi ana ganin abin mamaki ne kawai. Sai a 1931 waɗansu masana biyu a Jamus, Hans Kautsky da abokin aikinsa Hirsch, suka ajiye ganye mai rai a duhu, sa'an nan suka haska shi farat ɗaya. Da idonsu suka duba, ta cikin gilashin da ke tare sauran launuka ya bar ja, suka ga ƙyallin ya yi tsalle sama cikin daƙiƙa guda, sa'an nan ya yi ta sauka a hankali cikin 'yan mintoci, daidai lokacin da ganyen ke kama aikin shan iska. Nan aka tabbata ƙyalli da aiki kishiyoyi ne: in aiki ya kankama ƙyalli ya kan ragu, in aiki ya tsaya ya kan ƙaru. A shekarun 1980 aka ƙera na'urorin da ke iya rarrabe ƙyallin da hasken rana, har a fita da su gona. Yanzu akwai iri iri, kamar Handy PEA ta Ingila, da MultispeQ wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, wadda ba ta fi tafin hannu da yawa ba, tana kuma aika lissafinta cikin wayar hannu.

Ga yadda a ke awon. Ma'aikaci ya kan maƙala wa ganye wani ɗan matsi na roba mai murfi, wanda zai sa wuri kaɗan na ganyen cikin duhu, minti 20 zuwa 30. A cikin duhun nan duk hanyoyin aiki na ganyen su kan buɗe, su zama babu kome a kansu. Sa'an nan a ɗora bakin na'urar, a zare murfin. Na'urar ta kan fara da haske mai rauni ƙwarai, wanda bai isa ya ta da aiki ba, ta rubuta ƙyalli mafi ƙanƙanta. Daga nan ta saki walƙiya mai ƙarfin da ya fi na rana tsaka, wajen daƙiƙa guda, wadda za ta cika hanyoyin aiki maƙil, har babu inda ƙarfin zai bi, sai ƙyalli ya kai iyakarsa. A ɗebe ƙaramin daga babban, a raba abin da ya rage da babban. Misali, in ƙaramin 170 ne, babban 1,000, saura 830 ke nan, amsa kuwa 0.83. In ƙaramin ya hau 300, babban yana nan 1,000, amsa ta zama 0.70. Ba a cire ganyen, ba a huda shi, gobe ma ana iya komawa kansa a sake.

Abin sha'awa shi ne, a 1987 waɗansu masana biyu a Kalifoniya, Björkman da Demmig, suka auna tsire-tsire iri 44 masu asali dabam dabam, suka tarar lafiyayyen ganye, ko na wace shuka ne, amsarsa tana wajen 0.83. Watau an sami mudu guda da za a auna kuka da gyaɗa da shi. Ganyen da ya sauka ƙasa da haka sosai, to, an taɓa wurin da ya ke kama haske.

Amma a nan akwai abubuwa biyu da ya kamata Hakimai su riƙe, don kada wani ya zo da na'ura ya ruɗe su da lamba. Na farko, lokacin awo. Ko shuka mai ƙoshin ruwa, in aka auna ta da azahar, amsarta ta kan sauka, domin da gangan ganye ke karkatar da ƙarfin haske ya zama zafi don ya kare kansa. Da dare ya kan gyara abin da ya ɓaci, kafin asuba ya koma daidai. Saboda haka awon asuba shi ne shaida. Ganyen da ya sauka da rana ya farfaɗo da asuba yana kokawa ne, bai faɗi ba. Wanda gari ya waye masa yana ƙasa, kwana biyu, kwana uku, wannan ya ji rauni.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Wurin kama hasken nan yana da taurin rai a kan ƙishirwa. An sha gwadawa a shuke-shuke da yawa, an ga ƙofofin ganye sun rufe, girma ya tsaya, amma lambar awon duhu tana nan kusa da 0.8, ba ta faɗuwa sai fari ya yi tsanani, ko kuwa zafi mai yawa ya haɗu da shi. Wanda ya dogara da ita kaɗai zai rubuta lafiya lau a kan gonar da ta riga ta soma hasara. Don haka masu bincike su ke ƙara wani awo wanda a ke yi da rana ba tare da duhu ba, bisa hanyar da Genty da abokansa suka bayyana a 1989. Shi wannan yana nuna kashi nawa na hasken da ke sauka a wannan sa'a ke tafiya aiki, tare da shi kuma a ke lissafa yawan wanda a ke zubarwa zafi. Waɗannan su ne ke motsi da wuri. A kan gwada su da na wata shuka irinta wadda ta sami ruwa, a rana guda, a sa'a guda, a kan ganye mai tsufa ɗaya. Lamba guda daga ganye guda ba ta isa hujja ba, kamar yadda ba a kimanta amfanin ƙauye da dami ɗaya.

Wani zai ce, to, in an gane da wuri, me ya ƙaru, tun da na'ura ba ta kawo hadari? Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya ne a gonar tudu amfanin awon ga wannan damina kaɗan ne: a jinkirta zuba takin zamani har ƙasa ta jiƙa, a rage tsiro inda ya yi yawa, a yi shirin maye gurbi da wake mai saurin nuna, a kuma aika da rahoto tun da sauran lokaci. A lambu, inda ruwa ke hannun mutum, amfaninsa ya fi bayyana, gama yana taimaka wa masu bincike su faɗi kwana nawa alkama ko tumatir ko albasa za su jure tsakanin ban ruwa da ban ruwa ba tare da hasara ba, man injin ban ruwa kuwa kuɗi ne. Amma babban amfaninsa yana wajen zaɓen iri.

Ga misali daga kusa. A tashar Kano ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi, wadda a ke kira IITA, Dakta B. B. Singh da abokan aikinsa sun bayyana wata hanya a 1999 ta gwada jurewar wake. Su kan shuka iri dabam dabam a jere cikin akwatin katako, su ba su ruwa har su tsaya, sa'an nan su yanke ruwan, kullum su ƙirga waɗanda suka yi yaushi, daga baya su mayar da ruwa su ga waɗanda za su tashi. Suka tarar jurewa iri biyu ce. Wani waken ya kan tsai da girma cak ya jira. Wani kuwa ya kan sadaukar da tsofaffin ganyayensa na ƙasa, ya tattara ruwan ga toho, ya ci gaba da girma a hankali yana kore. A cikin wannan kashi na biyu aka sami Ɗan Ila da Kanannado, watau irin da manoman ƙasar Hausa suka daɗe suna adanawa da kansu. Ba ƙaramin abin yabo ba ne ga idon magabata. Wannan gwaji da ido aka yi shi, sai an jira ganye ya yi yaushi. Awon ƙyalli yana ƙara wa irin wannan aiki kaifi, domin yana iya raba iri biyu da su ke kore duka a ido, ya nuna wanda har yanzu ke aiki da wanda ya tsaya, a kuma auna ɗaruruwan tsirrai a yini guda. Aikin fid da iri ga wannan yanki yana hannun cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da IITA da ICRISAT a Kano, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri wadda ke kula da gero. Akwai kuma Cibiyar Noman Busassun Ƙasashe ta Jami'ar Bayero, ga Jami'ar Tarayya a Dutse, wadda aka kafa a 2011, a nan kusa.

Sai maganar iska. Birnin Kudu da Gwaram ba garuruwan masana'antu ba ne, Kano kuwa tana nesa da fiye da kilomita 100, saboda haka wani zai zaci babu ruwansu da wannan. Ba haka ba ne. Mafi bayyana ita ce ƙura. Hazon hunturu yana tasowa ne daga hamada, mafi yawansa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ya sauka daga Nuwamba zuwa Maris, daidai lokacin lambu. Shi wannan yana da alheri a cikinsa, don yana ƙara wa ƙasa gishirin taki. Amma ƙurar da ta kwanta a ganye ta yi kauri, irin ta gefen hanyar mota marar kwalta, ko ta wurin da a ke fasa dutse, tana tare haske, tana toshe ƙofofin ganye ko ta hana su rufuwa daidai, tana kuma sa ganye ya yi zafi fiye da kima. Duk wanda ya bi hanyar ƙauye da rani ya ga mangwaro da darbejiyar bakin hanya sun koma launin ƙasa. Masu awo su kan bi layi daga bakin hanya zuwa cikin gona, suna aunawa taki bayan taki, har su sami inda ɓarnar ta tsaya.

Wadda ba ta bayyana ba ita ce iskar da a ke kira ozon. Can sama ƙwarai ozon garkuwa ce ga duniya, amma a ƙasa inda a ke numfashi dafi ce. Ba ta fita daga bututun mota kai tsaye. Tana samuwa ne sa'ad da rana mai ƙarfi ta bugi hayaƙin motoci da injuna da na ƙunar daji, kuma da ya ke haɗuwar tana ɗaukar sa'o'i, iska ta kan kai ta nesa da inda hayaƙin ya tashi, har wani lokaci ƙauye ya fi birni samunta. Ƙasashen ciyawa na Afirka ta Yamma kuwa, inda a ke cinna wa daji da karan gona wuta bayan kaka, suna da rana, suna da hayaƙi. Ozon ta kan shiga ganye ta ƙofofin nan, ta ƙona shi daga ciki, ta rage masa haɗa abinci, ta sa shi tsufa kafin lokacinsa. In ta yi yawa a kan ga ɗigo-ɗigo ƙanana masu launin tagulla a saman tsofaffin ganyaye, tsakanin jijiyoyi, amma amfani ya kan ragu ko da ɗigon bai fito ba. Alkama da wake da gyaɗa suna cikin waɗanda suka fi jin ta. Dawa ta fi su dauriya.

Akwai wani abu mai rikitarwa a tsakanin fari da ozon. Shukar da ke jin ƙishirwa ta rufe ƙofofinta, saboda haka ozon kaɗan ke shigarta. Wadda a ke ba ruwa sosai, ƙofofinta a buɗe, ita ce ke shaƙar ta da yawa. Watau lambun da aka fi kula da shi ya fi zama cikin haɗari daga wannan gefe. Ta wani gefen kuma, ganyen da ozon ta daɗe tana taɓawa ƙofofinsa su kan yi nauyin rufuwa, in fari ya zo sai ya yi ta zubar da ruwa.

Wannan ya kawo magana ga abin da ya fi kome muhimmanci ga masu sauraro. Na'urar ƙyalli kamar ma'aunin zafin jiki ne na asibiti. Yana faɗin mutum yana da zazzaɓi, amma ba ya faɗin ko na cizon sauro ne ko na wani ciwo dabam. Lambar ganye ta kan sauka saboda fari, ta kan sauka saboda zafin bazara in ya haura digiri 40, saboda ƙura ko ozon, saboda rashin taki, saboda ruwa ya kwanta a gindin shuka, saboda ƙuduji ya kama saiwar dawa tun bai fito fili ba, ko saboda cuta irin wadda ta halaka gyaɗar Arewa a 1975. Akwai dai wurin da na'urar ke kusan kama ɓarawo da hannu, shi ne maganin ciyawa irin su atrazin da diyuron. Su waɗannan aikinsu ke nan toshe hanyar da ƙarfin haske ke bi a cikin ganye, saboda haka ganyen da suka shiga ƙyallinsa ya kan hau da sauri ya ƙi sauka, tun kwanaki kafin ya yi rawaya. In mai masara ya yi feshi ranar iska, maƙwabcinsa mai wake ya kawo ƙara gaban Dagaci, irin wannan awo zai iya taimakon shari'a. Amma ko a nan sai an san ranar da aka yi feshin, da maganin da aka fesa, da inda iska ta nufa.

Sanin sanadi, ashe, yana cikin littafin Malamin ofis. Mai bincike ya kan zo yini ɗaya ko biyu ya koma, Malam kuwa yana nan shekara duka. Abin da a ke bukata a gare shi ba mai wuya ba ne, sai dai yana son naci. Ya rubuta ranar ko wane ruwa, in akwai ma'auni a ofis ko a makaranta ya sa milimita nawa, in babu ya ce ko ya isa shuka ko yayyafi ne. Ya karɓi labari daga Dagatai ƙauye ƙauye, domin hadari ya kan zuba a Sara ya tsallake ƙauyen da ke kusa da ita, jimlar gunduma kuwa ta kan ɓoye wannan. Ya rubuta ranar da aka fara shuka da ranar da aka sake, da irin da aka shuka da sunan da manoma ke kiransa, da ko gonar jigawa ce ko fadama ko gindin dutse, gama ƙasar gindin duwatsu irin na Birnin Kudu wani wuri ba ta da zurfi, ta kan riga sauran bushewa. Da rani ya rubuta kwanakin da hazo ya yi kauri, da ranar da aka sa wuta a daji da wajen da hayaƙin ya bi, da lokacin da aka soma aikin hanya ko fasa dutse kusa da gonaki. Kalmar "kwanakin baya" ba ta da amfani a irin wannan littafi. Kwanan wata a ke so.

Har daga sama a ke auna ƙyallin nan yanzu. Tauraron ɗan'adam na Japan mai suna GOSAT, wanda aka harba a 2009, shi ne ya ba da taswirar farko ta ƙyallin tsire-tsiren duniya a 2011, na Amurka mai suna OCO-2 ya biyo a 2014, na Turai mai suna Sentinel-5P a 2017. Suna iya nuna yankin da aikin ganye ya ragu tun korensa bai canja ba. Sai dai ɗigo guda na hoton wannan na ƙarshen ya kai kilomita 5.5 a tsawo, 3.5 a faɗi. Gonaki ɗaruruwa ne a ciki, da ɗorawa da kuka da tsamiya, da dutse da gari, duk an cuɗe su lamba guda. Masu karanta taswirar suna bukatar labarin ƙasa don su fassara ta.

Game da zuwan masu awo kuma, ana roƙon Hakimai su shirya musu hanya. Aikinsu ya kan sa su shiga gona tun kafin fitowar rana, da fitila da wani abu a hannu, baƙon da aka gani haka kuwa ba a rasa yi masa mummunan zato. Ya kamata Malamin gona na ƙaramar hukuma ko na hukumar JARDA ya gabatar da su ga Hakimi tukuna, Hakimi ya sanar da Dagaci, Dagaci ya nemi yardar mai gona, ya kuma haɗa su da ɗan rakiya. A bayyana wa jama'a awon ba na haraji ba ne, ba kuwa na karɓar ƙasa ba, kuma ba ya cutar da shuka. A gargaɗi yara kada su cire matsin roba da aka maƙala a ganye, makiyaya kuma su kau da dabbobi daga kunyoyin da aka sa wa alama har a gama. In an gama, Hakimi yana da iko ya nemi a bar wa ofishinsa kwafin lissafin, da bayaninsa da Hausa, Malam ya liƙa shi a littafin ruwan sama na wannan shekara, a shafin ƙauyen da aka yi awon.